Kafar Darni

Mutane suna tambayata me mace kamata take yi da wasan kwamfuta, ni kuwa na daina ba su amsa. Zanen gine-gine na karanta a Birnin Kebbi, na dawo gida da takarda mai hatimi, kuma har yau ba wanda ya taɓa kirana in zana masa ko akurkin kaji. A wajenmu magini ne ke zana gida, da tsinke, a ƙasa, mai gida na tsaye a kansa yana cewa a ƙara nan, a rage can. Sai na kama koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Bagudo, abin da ya rage a kaina kuwa na juye shi cikin wata tsohuwar laftof da na saya a hannu.

Wasan na gina birni ne. A ba ka fili da kogi, ka shimfiɗa titi, ka ja ruwa da wuta, ka ware wurin gidaje, sai ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin mutane sun zo sun tare, suna ta kai da kawo kamar masu abin yi. Gidajen da wasan ya zo da su ba su da wani fasali, amma akwai masu wasa a duniya da ke ƙera nasu gidaje da itatuwa da shinge, su ɗora a intanet kyauta, mai so ya sauke. Saukewar ce aiki. Garinmu yana kan hanyar Lolo, kusa da bakin Kwara, inda sabis ɗin Najeriya sai ya ga dama yake zuwa. Don haka na mallaki layin Benin. Ranar kasuwar Lolo nakan bi motar masu kifi, in zauna a rumfar wata mai atamfa da ke barina in yi caji da solarta, in yi ta sauke gidajen Turawa, ƙaurin bandar kifi na cika mini hanci.

Da su na gina unguwata ta farko a hayin kogin wasan. Tituna a miƙe, kowane gida na kallon titi, da 'yar ciyawa a gaba da gareji a gefe. Na ɓata mata lokaci ba kaɗan ba. Har tabon baƙin mai na sa a ƙofar gareji, da kwandon shara a karkace, don gwanayen harkar sun ce unguwa ba ta yin kama da ta gaske sai da ɗan datti. Ta yi kyau, ba na musu. Amma duk sanda na dube ta sai in ji kamar gidan mutane na faɗa ba sallama. Sai na ce bari in gina tamu a wannan gaɓar.

Tamu ba ta da titi ko ɗaya, lunguna ne, gidaje sun jingina da juna. Ƙofar gidanmu gabas take kallo, wajen masallaci. Ƙofar gidan Gwaggo yamma, wajen da ake ɗaure jirage. Mazan gidajen biyu ba su cika haɗuwa ba sai Juma'a ko jana'iza, kuma da za a tambayi mahaifina, Allah ya ji ƙansa, su wa ne maƙwabtansa, wasu zai ambata. Amma ta ciki, can ƙurya inda murhu da turmi suke, darnin kara ne kawai ya raba mu, a jikin darnin kuma akwai kafa.

Gwaggo ba danginmu ba ce. 'Yar Dendi ce daga hayin Benin, ƙasar da Inna mahaifiyata ke kira Dahomi har gobe. Shekara ɗaya aka kawo su aure, ita da Inna. Hausar Gwaggo har ta tsufa ba ta miƙe ba, takan ce wa ƙaton namiji “ita”, Inna ta yi ta dariya har da riƙe ciki. An ce akuya ce ta fara ɓula darnin, su kuwa suka ƙi toshewa. Duk kaka maza za su sake darni da sabon kara, kafin kwana ya zagayo an buɗe wurin. Ta nan garwashi ke wucewa a kan sakaina, da gishiri, da kanwa, da jarirai, da labarin da ba a so ya bi ta zaure. Ta nan Gwaggo ta shigo ranar da za a haife ni, ita ta yanke mini cibi. Da safe ba sa ma buƙatar gaisuwa. In Inna ta ji tarin Gwaggo ta san an tashi lafiya, in Gwaggo ta ji taɓarya ta san haka.

Akwai alkawari a tsakaninsu, kuma kowa a gidajen biyu ya san da shi, mata dai. Duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. A gabana suka sayi ƙore biyu sababbi a kasuwar Lolo saboda wannan, kowacce ta naɗe tata a tsumma ta ajiye a kan jerenta.

“Ba ni son hannun da ban sani ba ga jikina,” in ji Gwaggo. “Amma ke hannunki awa dutsin niƙa, ki cuɗa a hankali.”

“Mutu tukuna ki gani,” in ji Inna.

Wannan unguwar na so in ɗora a wasan, kuma ba wanda ya taɓa ƙera mini kayanta, don masu ƙere-ƙeren nan ba su san rumbu ba balle randa. Sai na koyi wata manhaja ta ƙira. Na bi gida gida ina ɗaukar hoton bango da waya, da tsagarsa da inda ruwa ya zaizaye, ina manna wa gidajen da na ƙera. Na yi zaure, na yi rumbu mai hular shuci, na yi turke, na yi darni kara bayan kara har idanuna suka yi ja. Da na jera su, wasan ya ce bai san zance ba. Kowane gida sai wata alama ta fito a kan rufinsa, wai ba titi, mutanen ciki su tattara su tafi. Wasan gaban gida kaɗai ya sani. Na lallaɓa shi, na mai da lunguna siraran hanyoyi, mutane suka dawo. Kafar ce ta gagara. Akwai wata 'yar mata a gidan da na yi a matsayin namu, in za ta gidan da ke bayanta sai ta fita ta zaure, ta zagaye unguwa kaf, ga kafa a buɗe a gaban hancinta. Na zage ta ba adadi. Daga baya na koyi dabara a wajen wasu masu wasan: ka shimfiɗa hanyar ƙafa ta cikin darnin, sannan ka ɓoye ta yadda ido ba zai gani ba. Ranar da ta bi ta kafar na tashi na taka rawa ni kaɗai a ɗaki.

Na kai wa Inna ta gani. Ta kawo fuskarta dab da gilashin, ta daɗe tana kallo.

“Wagga kahwa taki ta yi hwaɗi,” ta ce. “Jaki ma ya wuce da kaya. Tamu sai kin duƙa kin karkata.”

Sai ta leƙa ta kafar gaskiya ta kira Gwaggo ta zo ta ga ta ƙarya. Gwaggo ta zo, ta duba, ba ta ce komai a kan kafa ba. Abin da ya dame ta shi ne na yi rumbunta bai kai na Inna ba, ta ce son kai ne irin na Kabawa. Na gyara duka biyun a gabansu.

A daminar da ta biyo baya Kwara ta hau. Ba a rasa rai ba, amma ɗakunan laka suka zauna ɗaya bayan ɗaya, darni kuwa ruwa ya tafi da shi ko kara bai bari ba. Inna ta dawo ɗakina a Bagudo, ƙwaryarta na cikin kayan da ta fara ɗauka. Gwaggo ta tafi wajen danginta a hayi kafin a ga abin da za a yi.

Nan Yaya ya shigo zancen. Shi ne babban wanmu, ɗan farin Inna, yana kasuwanci a Abuja, kuma ya daɗe da yar da “munka” da “sunka” a hanya. Shi da babban ɗan Gwaggo, wanda ke dillancin shinkafa, da wasu masu hali a unguwar, suka yanke shawarar a tashi daga fadama a koma tudu, a gonakin gero na iyayenmu. Ba zan ci haƙƙinsa ba, bai gudu ba, kuma bai yi rowa ba. Da ya zo duba Inna na buɗe masa laftof da murnata.

“Yaya, ga unguwarmu yadda take. Ko za a duba wajen sabon ginin.”

Ya yi dariya har da dukan cinya. “Ke da kika yi karatu, ki zauna kina gina mana ƙauye a kwamfuta? Mun gudu daga laka ki mai da mu laka?” Sai idonsa ya faɗa hayin kogin. “Tsaya. Wancan fa? Matso da shi.”

Unguwar Turawan ce. Ya ƙura mata ido, ya ciro wayarsa ya ɗauki hoton gilashin, ya sake ɗauka.

“Yauwa. Ga abin da ake nema. Ashe kina da kai.”

“Wannan wasa ne, Yaya. Inna da Gwaggo fa?”

“Na manta da su ne? Ƙofa da ƙofa zan sa su. Inna ta buɗe get ta ga na Gwaggo.”

Na ce masa ba ta ƙofa suke maƙwabtaka ba, ta baya ce. Na ce namiji daga zaure yake ƙirga maƙwabci, mace kuwa daga murhu. Na nuna masa 'yar matar nan tana bi ta kafa. Ya dube ni kamar yadda ake duban mai zazzaɓi.

“Wace maƙwabtaka ce ta wuce in buɗe ƙofata in ga taka? Kuma ke a tunaninki zan zuba bulo in bar rami a katanga, ɓarayi su gode mini?”

Inna na zaune a bakin gado, ta juya mana gefe. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba tun da ta haife shi, ba ta haɗa ido da shi, balle ta ja zance da shi. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ita ba ta ɗauke ta da wasa ba. Bayan ya fita na ce mata ta yi magana, ko ta aika wani ya gaya masa.

“Ɗa shi gina miki gidan bulo, ki ce mi?” ta ce. “Allah shi yi mishi albarka.”

An yi taron raba filaye a gindin wata tsamiya a tudun. Maza ne zalla. Hoton zanena ya halarta, ni ban halarta ba. An ce wayar Yaya ta zagaya hannu hannu, magini ya duba ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya ja igiya. A ƙasar nan kaf, zanena ɗaya da aka taɓa ginawa ke nan, kuma shi ne wanda na roƙa kada a gina. Wannan abin yana ci mini rai har yanzu.

Ciyawar gaban gida ba ta samu ba, awaki ba za su bari ba. Sauran duk an yi. Titi a miƙe mai faɗi, gidaje layi biyu suna kallon juna, katangu dogaye da fasassun kwalabe a kai, get na ƙarfe mai kuka. Gidanmu a hannun dama, na Gwaggo a hagu, ƙofa da ƙofa kamar yadda Yaya ya yi alkawari. A bayanmu kuwa katanga ce, sai gidan wasu mutane daga wajen Bahindi da ba mu taɓa sani ba.

Masu babura da ke ɗauko kaya daga kan iyaka ba su daɗe ba suka gano titin. Ba rami, ba kwana, sai su sako gudu da buhuna da jarkoki har ba ka ganin matuƙin. Maza kuma suka sa benci a kowace ƙofa, don inuwar katangar ta yi musu daɗi. To in Inna za ta ga Gwaggo, sai ta nemi hijabi da takalmi, ta ratsa tsakar gida, ta ja get ya sanar da duniya ta fito, mazan benci su katse hira su miƙe suna gaisuwa, ta tsaya babura su wuce, ta haye da gwiwarta mai ciwo, ta buga wani ƙarfen ta jira a buɗe. Matar da a rayuwarta ba ta ratsa taron maza sai biki ko mutuwa. Gwaggo kuwa yanar ido ta rufe mata gani, ba mai barinta ta tunkari titin nan.

Da farko Inna na daurewa ta je kullum. Sai ya koma ranar Juma'a. Sai ya koma sai an yi wani dalili. Yaya ya sayo musu waya kowacce, ya sa aka nuna musu inda za su danna.

“Mi zan ce mata ga waya?” in ji Inna. “Mu ba magana muke ba, zama muke.”

Na sake tuntuɓar Yaya, na ce ko a yi musaya da mutanen da ke bayan gidan Gwaggo, mu koma can, a fasa 'yar ƙofa a katanga. Ya ce ni dai ba a iya mini, an fid da su daga ruwa an sa su a siminti, ina neman abin ƙorafi. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da za a kira mini taron dangi a kansa.

Ranar da abin ya faru ina gida, an yi hutun makaranta. Hantsi ya ɗaga, Inna na tsintar shinkafa a faifai. Sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka yi salati, aka ce Allah ya yi wa mahaifiyar mai shinkafa rasuwa, za a yi jana'iza yanzu a ƙofar gidansa. Gwaggo ke nan. Haka ake sanar da mutuwar kowa, don na nesa su ji.

Inna ta ajiye faifan a hankali. Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar nan a cikin tsummanta. Ba ta nemi takalmi ba. Na bi ta da hijabi ina saka mata a tafe. Mazan da suka cika titin suka dare, kuma ran nan ba ta ga ko ɗayansu ba.

Mun tarar an gama. An wanke, an sa likkafani, ƙamshin turare ya cika ɗakin. Surukar Gwaggo, matar ɗanta, baƙuwa ce daga nesa, mutuniyar kirki, ba ta san da wani alkawari ba. Ita ta shiga da koko ta tarar rai ya yi halinsa. Maza ba sa nan, sai ta hau turmi ta ƙwala kira ta kan katangar baya, matan can suka sa tsani, suka ɗora buhu a kan kwalaben suka hauro, cikinsu akwai wadda ta iya wanka. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Abin da kowace mace za ta yi ta yi, ta kira ta bayanta.

Inna ta zauna a gefen gawar, ƙwarya a cinya. Ta roƙa a buɗe mata fuskar, aka buɗe kaɗan.

“Na makara, 'yar Dahomi,” ta ce. Sai maza suka yi sallama suka shigo da makara.

Yaya ya zo ranar sadaka. Ya durƙusa daga nesa ya yi wa Inna gaisuwa, ita tana kallon bango kamar kullum.

“Alhamdu lillahi da muka sa ku ƙofa da ƙofa,” ya ce. “Ba ki sha wahalar zuwa ba.”

“Lasifika ce ta gaya mata, Yaya,” na ce.

Ya juyo yana mamaki, da gaskiyarsa. “To ai don haka aka sa lasifikar.”

Na tashi na bar wurin. Ban tsane shi ba, amma ban yafe ba, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne har gobe bai san akwai abin yafewa ba. Yana nuna wa abokansa hoton titin yana cewa ƙanwarsa ce ta tsara.

Tsohuwar unguwar na nan a laftof, nan kaɗai ta rage a duniya, da rumbuna biyu kai ɗaya, 'yar matar nan na bi ta kafa safe da yamma. Da kwanaki suka ja na ce wa Inna ko in buɗe mata ta gani, ko za ta ji sanyi.

“Wa ag ga bayan darnin?” ta ce.

Na ce ba kowa, hoto ne.

“To bar shi ruhe.”

Sai ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo ƙwaryar, ta ɗora mini a cinya.

“Tahi wurin malamar Islamiyya ta nuna miki yadda akan yi. In nawa ya zo, ke za ki yi. Kuma kak ki yi nisa. Ba ni son ki ji ga lasihika.”

Na saki ɗakina na Bagudo, yanzu kullum babur nake hawa zuwa makaranta in dawo. Na koyi wankan. Ɗakina na jikin nata, amma bulo ba ya barin sauti ya wuce, don haka a buɗe nake barin ƙofata. Da safe ba na tashi daga shimfiɗa sai na ji tarinta.